Shin Sukari Yana Zama Kitse, Kitse Kuma Ya Koma Sukari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin ana cewa shinkafa da burodi sukari suke zama a jiki, sukarin kuma ya rikiɗe ya zama kitse. To idan mutum ya daina cin abinci, kitsen nan yana komawa sukari ne? Nama fa, me yake zama? Kuma tunda jiki ya iya juya wannan ya koma wancan, me ya sa ake cewa lallai sai an ci furotin kullum?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai an ajiye ka a rabin hanya. Jiki yana juya abinci daga wannan nau'i zuwa wancan, amma ba kowace hanya ce ake zuwa a dawo ta cikinta ba. Sitaci yana zama sukari. Sukari yana iya zama kitse. Furotin yana iya zama sukari, yana iya zama kitse. Amma kitse ba ya komawa sukari sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma ko sukari da kitse sun cika jiki maƙil ba za su taɓa zama furotin su kaɗai ba. Dalilin yana cikin yadda aka gina sinadaran ne, don haka sai ka yi haƙuri mu sauka can ƙasa.

Ɗauki namiji mai kilo 70. Kusan kilo 42 na nauyinsa ruwa ne. In aka warware shi gaba ɗaya zuwa ƙwayoyin zarra, abubuwa huɗu ne ke da wajen kashi 96 cikin 100 na nauyin: oksijin kashi 65, kabon 18, haidirojin 10, naitirojin 3. Ragowar su ne irin su kalsiyam, wanda ya kai kilo guda, galibinsa a ƙashi da haƙora, da fosforas, da sinadarin ƙarfe na jini, wanda duk muhimmancinsa bai wuce giram 3 zuwa 4 ba. Kabon shi ne ginshiƙin ginin, domin hannu huɗu gare shi. Yana riƙe ɗan'uwansa kabon ta nan da ta can, ya riƙe wasu abubuwan da sauran hannuwan, a haka ake samun doguwar sarƙa ko zobe. Sukari da kitse abu uku ne kacal a cikinsu: kabon, haidirojin da oksijin. Furotin ne ke ɗauke da na huɗun, wato naitirojin. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hanji ba ya karɓar abinci a dunƙule. Kowace doguwar sarƙa sai an tsinka ta zuwa 'ya'yanta kafin ta ratsa bangon hanji, kuma masu wannan aiki su ne inzayim, waɗanda kowanne yake da irin ƙullin da ya iya kwancewa, ba ya taɓa na wani. Sitacin da ke cikin shinkafa, alkama, masara ko dankali ƙwayoyin gulukos ne aka jera ɗaruruwa zuwa dubbai, kamar 'ya'yan carbi. Shi gulukos ɗin kabon 6 ne, haidirojin 12, oksijin 6. Sitaci ba shi da zaƙi saboda sarƙar ta yi wa harshe girma, amma ka gutsiri burodi marar sukari ka yi ta taunawa minti biyu ba ka haɗiye ba, za ka ji zaƙi-zaƙi ya fara fitowa. Amiles ne na cikin yawu ya fara tsinka carbin. Asid ɗin ciki yana kashe masa aiki, sannan a farkon ƙaramin hanji fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ya zubo nasa amiles ɗin ya ɗora, wasu inzayim da ke manne a bangon hanji su ƙarasa, gulukos ya shiga jini ɗaiɗai ya nufi hanta.

Ganye da dusar hatsi ma gulukos ne a jere, selulos kenan, amma an ƙulla shi ta wata fuska dabam, kuma ɗan Adam ba shi da inzayim ɗin da ke kwance wannan ƙulli. Saniya ma ba ta da shi, ƙwayoyin bakteriya na tumbinta ne ke yi mata aikin. Mu a wurinmu wannan harzar, wadda ake kira faiba, wucewa take yi zuwa babban hanji, ta tausasa bayan gida, ta ciyar da bakteriyar da ke can. A ƙaramin hanji kuma tana rage gudun shigar sukari jini. Aƙalla giram 25 a yini ake so ga babba. Irin wannan rashin inzayim ne ke sa madara ta ɓata wa wasu ciki. Sukarin madara, laktos, gulukos ne haɗe da galaktos, kuma kusan biyu bisa uku na manyan mutanen duniya inzayim ɗin da ke raba su yana raguwa a jikinsu bayan yaye. Sai laktos ɗin ya isa babban hanji a yadda yake, ya janyo ruwa, bakteriya su tsima shi, ga ƙugin ciki da iska da gudawa. Yawancin masu wannan matsala suna iya ɗaukar kofi ɗaya in an sha shi tare da abinci, kuma yogot da cuku sun fi yi musu sauƙi.

To ga lissafin da ke ba mutane mamaki. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa, wajen giram 160, yana da sitaci kusan giram 45. Jinin babban mutum kuwa, lita 5 ɗin nan duka, sukarin da ke yawo a cikinsa kafin karin kumallo bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya. Shi ne abin da na'urar gwajin sukari ke nunawa 70 zuwa 99, a ma'aunin miligiram cikin kowane desilita na jini. Wato kofi ɗaya ya ninka abin da ke cikin jini sau goma, dole a sami mai kwashewa da sauri. Aikin insulin kenan, sinadarin da fankiriyas ke zubawa cikin jini. Yana buɗe wa gulukos ƙofar tsoka da ƙwayoyin kitse, ya ce wa hanta ta daina sakin nata ta koma tarawa, ya kuma hana rumbun kitse fitar da komai. Mai lafiya sukarinsa yana sauka ƙasa da 140 cikin awa biyu. In insulin ya yi kaɗan ko jiki ya daina jin maganarsa, sukarin ya haura wajen 180, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya tsiyaye cikin fitsari ya ja ruwa ya tafi da shi. Daga nan yawan fitsari da ƙishirwa da ramar mai ciwon sukari suke fitowa. Awon 126 ko sama da haka kafin a ci komai, in ya maimaitu a wata rana, shi ne ma'aunin da likitoci ke tabbatar da ciwon da shi.

Ajiyar farko ita ce gilaikojin, sitacin dabba, wanda Claude Bernard ya fitar daga hanta a Faransa a 1857. Hanta tana ɗaukar kimanin giram 100, tsoka kimanin 400. Sai dai tsoka marowaciya ce: ba ta da inzayim ɗin da ke sakin gulukos ya koma jini, abin da ta tara ita kaɗai ke cinsa. Na hanta ne kawai na kowa da kowa.

Yanzu mun iso inda amsarka take. Idan gulukos ya shiga ƙwayar halitta, ana bi da shi ta matakai goma a raba shi gida biyu, a sami fairubet biyu, kowanne mai kabon 3. Wannan zangon ba ya buƙatar oksijin, ribarsa kuma kaɗan ce, ATP biyu kacal. ATP shi ne kuɗin da jiki ke kashewa. Tsoka ba da shinkafa take motsi ba, ba kuma da gulukos kai tsaye ba, da ATP take motsi, kuma abin da mutum ke ƙerawa ya kashe a yini ɗaya ya kusa nauyin jikinsa, alhali abin da ke hannu a kowane lokaci ko rabin kilo bai kai ba, jujjuya shi ake ta yi. Har zuwa fairubet akwai hanyar komawa gida. Idan mutum ya sheƙa da gudu, tsokarsa tana mai da fairubet laktet ta tura jini, hanta ta karɓa ta sake gina gulukos da shi ta aiko. Carl da Gerty Cori, mata da miji, su suka bayyana wannan kai da komo, sun kuma sami kyautar Nobel a 1947 kan aikinsu na gilaikojin.

Daga fairubet sai a shiga maitokondiriya, murhun da ke cikin ƙwayar halitta. A bakin ƙofa ake cire kabon ɗaya ya tafi a matsayin iskar kabon dayoksaid, a bar guntu mai kabon 2 da ake kira asetil-CoA. Wannan ƙofa shiga ake yi, ba a fita. Babu inzayim a jikinmu da zai mayar da kabon ɗin da aka cire. Duk abin da ya wuce ta, hanya uku ta rage masa: ko a ƙone shi, ko a ɗinka shi ya zama kitse da kolestarol, ko hanta ta mai da shi kiton. In ƙonewa ce, yana shiga zagayen da Hans Krebs ya bayyana a Ingila a 1937, a kwashe haidirojin ɗinsa a miƙa wa oksijin ɗin da muka shaƙa ya zama ruwa, a ƙarshe gulukos ɗaya ya ba da ATP 30 zuwa 32.

Kitse fa, ta ina yake shigowa? Ƙwayar kitse gilisarol ce mai kabon 3 da wutsiyoyi uku rataye a jikinta, kowace wutsiya galibi kabon 16 ko 18. Idan za a ƙone wutsiya, yanka ta ake yi kabon bibbiyu, kowane yanki kuma asetil-CoA ne. Ka ga kenan kitse a bayan ƙofar yake sauka tun farko, bai taɓa tsayawa a gefen da ake komawa sukari ba. Ɗalibi mai wayo zai ce ai a cikin zagayen Krebs akwai sinadarin da hanta ke iya yin gulukos da shi. Haka ne, amma kabon biyu ke shiga zagayen, biyu kuma ke fita a matsayin iska kafin a iso wurin, ba a ƙaru da komai ba. Gilisarol ce kaɗai ke komawa sukari, ita kuwa kusan kashi goma ce cikin ɗari na nauyin kitsen. Abin sha'awa, irin shuka mai maiƙo yana da wata gajeriyar hanya da ke tsallake wannan asara, shi ya sa yake mai da mansa sukari ya ciyar da tsiro kafin ganye ya fito. Mu ba a ba mu ita ba.

Maganar sukari ya zama kitse kuwa, akwai ƙarin gishiri a yadda ake faɗinta. Hanyar tana nan, hanta tana ɗinka asetil-CoA takwas ta yi wutsiya mai kabon 16, amma ɗinkin yana cinye kusan kwatan ƙarfin da ke cikin sukarin, kuma a cin abinci na yau da kullum abin da ke bi ta nan ba shi da yawa. Abin da ya fi faruwa shi ne, in sitaci ya wadata jiki yana ƙone shi tukuna, man da aka ci tare da shi kuma ya wuce rumbu kai tsaye ba a taɓa shi ba. Don haka teɓar mai yawan cin sitaci, galibinta man girkinsa ne da sitacin ya hana a ƙone. Inda hanyar ke buɗewa sosai shi ne in abin ya yi yawa kwana da kwanaki, musamman sukarin sha. Sukarin shayi rabinsa furuktos ne, shi kuma yawancinsa a hanta yake ƙarewa, in ya zo da yawa a ruwa lokaci guda sai wani kasonsa ya zama kitse a cikin hantar kanta. Gwangwani ɗaya na lemon kwalba yana da sukari wajen giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato giram 50 ga mai cin kalori 2,000, in ya sauka zuwa 25 ya fi.

Me ya sa jiki ya zaɓi kitse ya zama babban rumbunsa? Giram ɗaya na sitaci ko furotin kalori 4 yake bayarwa, na kitse 9. Gulukos ya riga ya ɗauki oksijin mai yawa a jikinsa, kamar itacen da wuta ta ci rabinsa, wutsiyar kitse kuwa kusan kabon da haidirojin ce zalla, ɗanyen makamashi. Ga shi kuma kitse a bushe ake ajiye shi, gilaikojin kuwa kowane giram sai ya riƙe ruwa wajen giram 3. Kilo 12 na kitsen jiki ya haura kalori 90,000. Da a gilaikojin aka tara wannan, da nauyin ajiyar ya kai kusan kilo 90. Narkar da shi ma hanyarsa dabam ce: ba ya haɗuwa da ruwa, sai ruwan matsarmama ya farfasa shi ƙanana kamar yadda sabulu ke yi wa maiƙon kwano, sannan laifes na fankiriyas ya yanke wutsiyoyin. In matsarmama ta toshe ko fankiriyas ya lalace, bayan gida yana fitowa fari-fari, mai maiƙo da wari, yana yawo a kan ruwa, kuma bitamin A, D, E da K suna bin sa su fice, don a cikin mai suke tafiya. Akwai kuma wutsiyoyi iri biyu, omega 6 da omega 3, da jiki ba ya iya ƙerawa, sai a abinci. Abinci marar mai ko ɗigo ba lafiya ba ne.

Sai mu dubi wanda ya daina ci. Ƙwaƙwalwa kashi 2 ce cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin gulukos wajen giram 120 a yini, kuma ba ta iya dogara da wutsiyar kitse. Jajayen ƙwayoyin jini ma ba su da maitokondiriya ko ɗaya, gulukos kaɗai suka sani. A awannin farko insulin yana sauka, gulukagon, sinadarin da ke yin akasin aikin insulin, ya hau, hanta ta riƙa sakin gilaikojinta. Rashin ci na awa 12 zuwa 16 mai lafiya yana wuce shi a kan wannan ajiya ba tare da wata ɓarna ba. Kafin a cika awa 24 ajiyar ta kusa ƙarewa. Tsoka da zuciya sun koma kan kitse, ba su da damuwa, amma ƙwaƙwalwa tana nan tana jiran sukari, kitse kuma ba zai ba ta ba. Daga ina za a samo? Daga tsoka. Ana warware furotin ɗinta, a tura tubalansa, wato amino asid, zuwa hanta, a cire naitirojin, a yi gulukos da abin da ya rage. A kwanakin farko ana iya asarar furotin wajen giram 75 a yini, wanda ya haura giram 300 na naman jiki. Da haka za a ci gaba, da mutum bai daɗe ba. Abin da ke ceto shi ne kiton: daga kwana na biyu zuwa na uku hanta tana haɗa asetil-CoA bibbiyu ta yi ƙananan sinadarai da ke iya ratsawa cikin ƙwaƙwalwa. George Cahill da abokan aikinsa a Amurka sun nuna a 1967 cewa bayan makonni na rashin ci, ƙwaƙwalwa tana samun kusan biyu bisa uku na ƙarfinta daga kiton, asarar furotin kuma tana sauka zuwa wajen giram 20.

Wannan yana warware abubuwa biyu da ke ruɗa masu rage ƙiba. Wanda ya yanke sitaci ya ga kilo biyu sun tafi a mako guda, gilaikojin ne da ruwansa suka fice, ranar da ya koma ci za su dawo. Kilo ɗaya na kitsen jiki wajen kalori 7,700 ne, wato giɓin kalori 500 a yini sai ya yi mako biyu kafin ya cinye shi. Na biyu, kitsen da aka ƙone ba a gumi yake fita ba, ba kuma ruwan zafi ke narkar da shi ba. A cikin kowane kilo 10, wajen 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iska, 1.6 ya zama ruwa.

Kiton a jikin mai lafiya ba ya wuce iyaka, domin ɗan insulin ɗin da ya rage yana taka wa rumbun kitse birki. Mai ciwon sukari nau'i na ɗaya ba shi da wannan birkin. In ya daina allura, kitse yana kwararowa ba ƙaƙƙautawa, kiton ya taru, jini ya yi tsami ya faɗi ƙasa da 7.3 a ma'aunin pH da ya kamata ya tsaya tsakanin 7.35 da 7.45. Amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, bakin yana wari irin na ruwan goge farce: wannan asibiti ne a take. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ce yau ba shi da lafiya bai ci komai ba, don haka ba sai ya yi allura ba. A irin wannan rana ake yawaita gwaji a tuntuɓi likita kan adadin, ba a dainawa gaba ɗaya.

Mu dawo kan naitirojin. Furotin sarƙa ce ta amino asid iri 20, kuma jerin su ne ke sa sarƙar ta naɗe ta ɗauki siffar da za ta yi aiki da ita. Ka dubi sikila: a sarƙar hemogulobin, furotin ɗin da ke dakon oksijin a jini, mai amino asid 146, guda ɗaya ne aka musanya, na shida, balin ya zauna a mazaunin gulutamik asid, shi kenan jajayen ƙwayoyin jini suka lanƙwashe kamar lauje. Zafi da asid suna warware naɗin, abin da kake gani kenan in farin ƙwai ya daskare a kan wuta daga wajen digiri 62. A ciki asid ne ke warwarewa, fefsin ya fara yanka, tirifsin da 'yan'uwansa su ƙarasa a hanji. Abin da ke shiga jini amino asid ne, ba ya ɗauke da shaidar inda ya fito. Wanda ya ci ƙwaƙwalwar rago ba ƙwaƙwalwarsa za ta tafi ba, haka mai cin fata don gyaran fata.

Jiki yana rushe furotin nasa ya sake ginawa wajen giram 250 zuwa 300 kullum, yawancin tubalan ana sake amfani da su, amma wasu suna zubewa. Kuma babu rumbun furotin. Abin da ya yi saura yau ba a ajiye shi don gobe: hanta tana cire naitirojin ɗin, wanda ke fitowa a matsayin amoniya mai guba, ta mai da shi yuriya, ƙoda ta zubar a fitsari, ƙashin bayan kabon ɗin kuma a ƙone shi ko ya zama sukari ko kitse. Shi ya sa mai lalatacciyar hanta yake rikicewa in amoniya ta hau masa kai, mai ciwon ƙoda kuma likita ke ƙayyade masa furotin. A cikin 20 ɗin nan, 11 jiki yana iya ƙera su, yana aron kabon daga sukari, amma naitirojin ɗin sai dai ya ciro daga wani amino asid da aka ci. Sauran 9 ko an ba shi naitirojin ba zai iya ba. Amsar tambayarka ta ƙarshe kenan: babu ajiya, akwai yoyo kullum, kuma babu hanyar ƙerawa daga sitaci da mai.

Da yake kusan kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne, a ɗakin gwaji naitirojin ake aunawa a ninka da 6.25. Wannan rauni ne aka bi ta kansa a Chaina a 2008, inda aka tsarma madara da ruwa aka zuba melamin, wanda biyu bisa uku nasa naitirojin ne, don gwaji ya nuna furotin. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da matsalar ƙoda.

Babba mai lafiya yana buƙatar giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa, wato 56 ga mai kilo 70. Tsofaffi ana so su kai 1.0 zuwa 1.2, masu motsa jiki mai tsanani 1.2 zuwa 2.0, mai ciki da mai shayarwa su ma da ƙari. Ba abu ne mai wuya ba: ƙwai biyu giram 12, kofin madara 8, kofin dafaffen wake 15, kofi biyu na shinkafa 8, yanka biyu na burodi 6, ɗan kifi mai giram 50 wajen 11, ka ga an kai 60. Nama, ƙwai, madara da kifi suna da duka 9 ɗin daidai gwargwado. Hatsi yana da ƙarancin laisin, wake yana da ƙarancin metiyonin, in aka ci su a yini ɗaya kowanne ya toshe ɓarakar ɗan'uwansa, ba sai lallai a kwano ɗaya ba. Inda abin ke ɓaci shi ne yaron da aka yaye a kan sitaci zalla. Dakta Cicely Williams ta bayyana wannan nau'in tamowa a 1933 a ƙasar da yanzu ake kira Ghana: ƙafafu da fuska a kumbure, gashi ya yi laushi ya yi ja, fata tana saɓulewa, hanta cike da kitse saboda babu furotin ɗin da zai yi dakonsa ya fitar. Kumburin yana ɓoye ramar, iyaye su zaci ƙiba ce. A danna bayan ƙafa da babban yatsa daƙiƙa uku, in rami ya zauna a duka ƙafafun, ruwa ne.

Bitamin da ma'adanai ba su da kalori ko ɗaya, kayan aikin inzayim ne. Ƙofar nan ta fairubet ba ta buɗuwa sai da bitamin B1, kuma ajiyarsa a jiki ta 'yan makonni ce. In ya ƙare, gulukos yana isowa bakin ƙofa ya cunkushe, laktet ya taru, jijiyoyi da zuciya su fara gazawa. Ciwon beriberi kenan, wanda Christiaan Eijkman ya gano bakin zarensa a tsibirin Java a shekarun 1890, da ya lura kajin da aka ba gogaggiyar farar shinkafa suna shanyewa, waɗanda aka ba mai dusa kuma suna warkewa.

Wannan ne ya sa ciyar da wanda ya daɗe cikin yunwa yake da haɗari, abin da 'yan'uwa masu tausayi ba su cika sani ba. Wanda ya yi kwana biyar ko fiye ba ci, ko mai tamowa mai tsanani, in aka cika masa ciki da sitaci lokaci guda insulin yana tashi, gulukos ya ruga cikin ƙwayoyin halitta ya ja fosfet da fotasiyam da magnesiyam daga jini, ɗan B1 da ya rage ya ƙone ƙurmus. Cikin kwana biyu zuwa huɗu sai a ga kasala, kumburi, ruɗewa, bugun zuciya ya rikice. A asibiti ana ba da B1 kafin abinci, a fara da kaɗan, wajen kalori 10 a kowane kilo a yini ga babban da ke cikin haɗari sosai, ana auna gishirin jini kullum ana ƙarawa a hankali. Yara kuma ana fara su da madarar F-75, mai kalori 75 a kowane mililita 100, kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu ko uku har cikin dare, ba a ba su maganin ƙarin jini a wannan zango, sai kumburi ya fara sauka cin abinci ya dawo sannan a matsa zuwa madarar F-100 wadda ta fi ta kalori.